Kilishin Guzurin Adda

Akwai wani mahauci da aka yi a Kazaure, a shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa ana ta shimfiɗa kwalta ko'ina. Sunansa Lauwali. Ba babban mahauci ba ne, teburinsa ɗaya ne a bakin kasuwa. Amma in dai kilishi ne, hannunsa daban yake. Yakan feɗe tsoka har ka ɗaga ta ka hango rana ta cikinta.

Aibinsa ɗaya, gaggawa. Ku riƙe wannan, don ita ce ta jawo masa abin da ya same shi.

A wata ruga bayan duwatsun Roni kuma akwai wata tsohuwar Bafulatana da kowa ke kira Adda. Tun Lauwali yana rarrafe take kawo wa mahaifiyarsa nono da man shanu, don haka shi Inna yake ce mata. Mace ce mai kunya irin ta Fulanin da. Ta tsufa tana zaman kasuwa da ƙwaryarta, amma ba a taɓa samun wanda ya ga ta kai ko ruwa bakinta a gaban mutane ba. In yunwa ta matsa mata, sai dai ta ɗaure cikinta har ta koma ruga.

Wata shekara, ɗanta Daudu da ke aiki a Kano ya biya mata kujerar Makka. A wancan zamani maniyyaci da guzurinsa yake tafiya, garin kunu da yaji da ƙuli-ƙuli, mai hali kuma ya haɗa da kilishi.

Adda tana da wani farin bijimi. A shekarar fari aka haife shi, uwar ta mutu ta bar shi, ita ta raine shi da hannunta, tana raba kununta biyu da shi. Ta aika aka kira Lauwali, ta nuna masa bijimin.

Ta ce, "Ɗan nan, ba don ba ni da wani ba. Tun yana maraƙi na ce wannan na hanyar Allah ne. Shi nake so in ci a ƙasa mai tsarki, in kuma miƙa wa waɗanda Allah ya haɗa ni da su."

Lauwali ya ce, "Inna, ki sa a ranki an gama. Kilishin da zan yi miki, sai Larabawa sun tambaye ki wa ya yi."

Ta yi murmushi ta kau da kai. Ranar da aka yanka bijimin kuwa ɗaki ta shiga, ba ta fito ba sai da aka gama fiɗa.

Lauwali ya zare tsoka zalla ya cika babban daro, ya bar wa mutanen ruga kai da ƙafa da kayan ciki. Ya ɗaure bakin daron da ƙyalle, ya aza wa jakinsa, ya kama hanyar Kazaure inda gadajen shanyarsa suke.

Bai yi nisa ba jakin ya taka ƙaya ya fara ɗingishi. Rana ta take. Kaka ce, an gama ruwa, zafi ya dawo da ƙarfinsa. Duk mahauci ya san ɗanyen nama ba ya jiran kowa. Lauwali ya tsaya bakin hanya yana duban daro yana duban sama.

Can sai ga motar kamfanin da ke gina hanya ta taso. Direban, Dunoma, wani Babarbare mai yawan raha, ya san Lauwali, ya taka birki. A gefensa akwai Yohanna, kukun sansanin kamfanin, mutumin kudancin Zariya.

Shi Yohanna aikinsa ke nan duk mako. Yakan je wani ƙauye can bayan dutse inda waɗanda ba Musulmi ba suke kiwon alade, ya zaɓi mai ƙiba ya saya, a yanka a can a gyara. Tsokar ya dafa wa Turawan kamfani da leburorin da suke ci, kitsen ya narke ya yi man suya, ragowar ya barbaɗe da gishiri ya kyafe. Bai taɓa ɓoye wa kowa sana'arsa ba, kuma wuƙarsa da tukwanensa ba sa haɗuwa da na Musulmin sansanin.

Da ya ga Lauwali ya kinkimo daro zai aza a bayan motar, sai ya sauko da sauri.

Ya ce, "Malam, dakata. Gara in faɗa maka tun yanzu. Abin da ke cikin daron can naman alade ne."

Lauwali ya yi turus. Ya dubi daron Yohanna can ƙuryar mota, a rufe da buhu. Ya dubi jakinsa da ya ɗage ƙafa ɗaya. Ya dubi rana. Da mai haƙuri ne, da ya ce su wuce, ya nemi inuwa ya jira wata motar ko ya aika ruga a kawo wani jakin. Amma na gaya muku halinsa.

Ya ce, "Ai motar da faɗi. Naka yana can, nawa yana nan. Me zai haɗa su?"

Ya damƙa jakin ga wani manomi da ya sani, ya ajiye daronsa ta bakin ƙofa, ya hau ya dafe shi da hannu biyu.

Sun kusa gari ke nan motar ta afka wani rami da ruwan damina ya haƙa. Dunoma bai gan shi ba sai da ya zo kai. Motar ta yi sama ta dawo. Lauwali ya bugu da ƙarfe, hannunsa ya saki. Kafin ya farga, daronsa ya kife, na Yohanna ya gangaro ya kife a kansa. Nama ya watsu a daɓen bayan motar, ya cakuɗe da jini da jar ƙasa.

Lauwali ya durƙusa yana kallo. Ko salati ya kasa yi da ƙarfi, leɓɓansa kawai ke motsi.

Yohanna ya hawo ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kada ka tsorata, mu tsince. Na san nawa."

Suka zauna tsinta. Matsalar ita ce aladen tsoho ne, namansa ya yi ja, kuma an ɗaye fatar an yayyanka shi gunduwa-gunduwa kamar na shanu. Shi kuwa Lauwali, duk shekarunsa a fawa, bai taɓa ganin naman alade da idonsa ba sai ranar. Suka yi kashi uku: na Yohanna, na Lauwali, da wanda suke kokwanto. Na kokwanton Lauwali ya ce Yohanna ya haɗa da nasa.

Yohanna ya ce, "Na yi iya ganina, Malam. Amma ka ga yadda ƙasa ta ɓata su. Ba zan rantse maka ba."

Dunoma ya yi dariya ya ce, "Kai Lauwali, ka cika tsoro. Je ka wanke abinka ka shanya. Ƙazantar da ba ka gani ba ai tsafta ce. Tsohuwar Bafulatana, in ta ji yaji a harshenta, ina za ta san wani abu? Mu uku ne nan, kuma ni ban ga komai ba."

Maganar ta shige Lauwali, don ita zuciyarsa ke son ji.

Da ya isa gida bai ce wa matarsa Shatu komai ba. Ya janyo ruwa ya wanke naman, ya sake wankewa, ya kuma wankewa, har Shatu ta leƙo ta ce, "Malam, yau naman wanka ake masa?" Ya ce ƙasa ce ta taɓa shi.

Ya zauna ya fara feɗewa yana shimfiɗawa a kan gadon kara. Hannunsa ya soma sakewa, zuciyarsa ta soma kwanciya. Ya cika gado ɗaya, ya kama na biyu. Sai ya ɗauko wata gunduwa, ya sa wuƙa, ya ji ta shige da wani irin laushi da bai saba ji ba. Ya buɗe tsakiyar. Kitsen fari ne fat, mai taushi, yana narkewa a yatsa. Kitsen shanu ba haka yake ba.

Wuƙar ta faɗi daga hannunsa.

Wannan gunduwa daga cikin kashin da ya ce ya tabbata nasa ne ta fito. In ɗaya ta tsallake idonsa, guda nawa suka tsallake? Ya juya ya dubi waɗanda ya riga ya shanya, jajaye, sirara, duk kamarsu ɗaya. Gobe in aka tsoma su cikin labu, wato haɗin tunkuza da yaji da ake shafa wa kilishi, ko shi da ya yanka ba zai ƙara bambance su ba.

Shatu ta same shi zaune ya haɗa kai da gwiwa. Ya gaya mata komai.

Ta ce, "Malam, ka san in maganar nan ta fita, mun gama cin abinci a garin nan?"

Ya ce, "Na sani."

"Ba wanda zai ce hatsari ne. Cewa za a yi Lauwali yana haɗa wa mutane da alade."

"Na sani, Shatu."

"To, me ka yanke?"

Ya ce, "Tun ɗazu nake cewa in jefar da wannan ɗaya in yi shiru. Sai in hango Inna ta ɗaga hannu a Arfa, da abin nan a cikinta, kuma ni na sa mata. Ita ba ta da laifi wurin Allah tunda ba ta sani ba. Ni fa?"

Shatu ta share ido da gefen zane ta ce, "To ka je da wuri, kafin zuciyarka ta sake ba ka wata shawarar."

Washegari ya tattara naman kaf, wanda aka feɗe da wanda ba a feɗe ba, ya kai sansanin kamfani ya ajiye wa Yohanna. Yohanna ya ce zai biya shi, don naman bijimi guda ba wasa ba ne. Lauwali ya girgiza kai ya ce ba zai iya cin kuɗin abin da bai san mene ne ba. Daga nan ya miƙe sai ruga.

Ya tarar da Adda a gindin tsamiya tana gyaran ƙwarya, Daudu kuma ya zo daga Kano don raka ta filin jirgi. Lauwali ya tuɓe takalmi ya tsuguna. Gaisuwa ta ƙare, ya rasa ta inda zai fara.

Adda ta ce, "Ɗan nan, lafiya? Ko rana ce ba ta yi maka ba?"

Ya ce, "Inna, na ci amanarki."

Ya faɗi komai. Bai rage ba, bai kuma ɗora wa Dunoma ko rami ba. Ya ce an gaya masa abin da ke cikin motar, shi ya hau da ƙafarsa.

Daudu ya miƙe tsaye. "An faɗa maka, ka hau? Bijimin da ta raina kamar ɗa? Ka haɗa shi da alade, sannan ka zo kana mana tsugunno?"

Lauwali ya ce, "Duk abin da ka faɗa, na cancanta."

Ita Adda ba ta ce uffan ba. Ta kife ƙwaryar da ke hannunta, ta dubi turken da bijimin yake kwana, ta tashi ta shiga ɗaki. Wannan shirun ya fi wa Lauwali zagin Daudu ciwo.

Yana da wani ɗan bijimi da yake turkawa don ya sayar da Babbar Sallah, shi ne jarinsa na shekara. Da ya koma gida ya sa aka yanka shi. Ya ƙone tsofaffin gadajen kara ya ɗaura sababbi, ya sayi sabuwar wuƙa wurin maƙera. Ya yi kilishin da bai taɓa yin irinsa ba, ya naɗe a takarda, ya sa a sabon kwando, ya kai ruga ana gobe tafiya.

Daudu ya tare shi tun daga bakin shinge. "Koma da abinka. Wa ya san abin da ke cikin wannan kuma?"

Lauwali ya roƙa a bar shi ya ga Inna, Daudu ya ce ba ta ganin kowa. Sai ya ajiye kwandon a gindin tsamiya ya juya. Bai sani ba ko an ɗauka, ko karnukan ruga ne suka yi biki da shi.

Abin da Shatu ta faɗa kuwa bai ɓata lokaci ba. Daudu ya yi maganar a tasha cikin fushi, tasha ta kai kasuwa, kasuwa ta kai gidaje. Kafin ta zagayo, ta zama wai Lauwali ya daɗe yana sayen alade wurin kukun kamfani. Wani ma ya rantse tun bara yake jin kilishinsa da wani irin maiƙo. Mutum ne da bai taɓa saya ba, sai dai ɗanɗano.

Yohanna ya zo kasuwa da kansa ya yi wa Sarkin Pawa bayanin yadda aka yi. Sarkin Pawa ya gamsu, bai hana Lauwali teburinsa ba. Amma zuwan Yohanna sai ya zama wata hujjar a bakin mutane: "Kun gani ko? Abokin cinikinsa ne ya zo belinsa." Dunoma kuwa, mai cewa bai ga komai ba, da gaske ya zama bai ga komai ba.

Lauwali ya riƙa karɓo 'yar tsoka kaɗan yana kasawa, ya wuni yana korar ƙuda, da yamma ya mayar gida. Masu gaishe shi suka koma ɗaga hannu daga nesa. Maƙwabta suka daina aiko aron tukunya wurin Shatu. Babbar Sallah ta zo, ranar da kowane mahauci ba ya samun lokacin zama, amma ko gida ɗaya ba a kira shi fiɗar rago ba. Ya zauna a zaure da sabuwar wuƙarsa yana jin ƙaurin suya daga ko'ina.

Ranar ya ce wa Shatu, "Da na bi maganar Dunoma, da yanzu ina can ana rububina."

Ta ce, "Da kana can. Amma da ka iya haɗa ido da Inna in ta dawo?"

Tsoronsa ke nan kullum, dawowarta. Ya fara tunanin in alhazai suka sauka, zai tattara iyalinsa ya koma Babura ko ya tsallaka Nijar inda ba a san shi ba.

Alhazai suka dawo. Ya ji labarin Adda ta sauka lafiya, amma ya kasa zuwa yi mata barka.

Ranar kasuwa ta zagayo. Rana ta yi tsaka, kasuwa ta cika maƙil. Lauwali yana zaune gaban 'yan fallayen kilishin da ba wanda ya taya, sai ya ga mutane suna darewa. Adda ce tafe cikin farin mayafi, mata na biye da ita suna "Hajiya, barka da sauka," Daudu na bayanta yana sunkuyar da kai.

Ta wuce rumfar masu nono. Ta wuce teburan manyan mahauta. Ta zo ta tsaya gaban Lauwali.

Ya zame daga kan benci ya tsuguna. Ya ce a ransa yau za a ƙarasa shi a gaban kowa.

Ta ce, "Ɗan nan, ba ka zo mini sannu da zuwa ba."

"Kunya ce ta hana ni, Inna."

"Ba ni tabarma."

Ya shimfiɗa mata buhu, don shi ke gare shi. Ta zauna. Ta miƙa hannu kan tebur ta ɗauki fallen kilishi, ta yaga, ta yi bisimilla a fili, ta sa a baki.

Kasuwar ta yi tsit ta wannan gefen. Matan Fulani da ke bayanta suka rufe baki da mayafi. Daudu ya matso ya ce ƙasa-ƙasa, "Inna, a kasuwa fa muke."

Ta ce, "Na san inda nake."

Ta tauna a hankali da 'yan haƙoranta, ta haɗiye, ta sake yaga. Sai da ta cinye fallen nan tas, sannan ta ɗaga kai ta dubi mutanen da suka taru.

Ta ce, "Kun san ni. Na tsufa a kasuwar nan, ba wanda ya taɓa ganin abin da nake ci. Yau ku gani. Kwandon da yaron nan ya ajiye a gindin tsamiya, ni na fita na ɗauka. Shi na ci a Mina, shi na raba wa mutane. Na yi kukan bijimina, ba zan ɓoye ba. Amma da ya yi shiru, wa zai sani? Ya zaɓi ya kashe kasuwarsa da bakinsa don kada abin da nake ƙyama ya shiga nawa. In akwai wanda ya taɓa yi muku haka a cikin masu sayar muku da abinci, ku nuna mini shi in je in ci nasa."



Ta juya ga Lauwali ta ce, "Na ambaci sunanka a Arfa. Amma ka rage gaggawa."

Lauwali ya kifa fuskarsa a tafin hannu, kafaɗunsa na girgiza. Bai ga lokacin da Daudu ya sa hannu ya ɗauki falle ɗaya ba. Bai ga wanda ya biyo bayansa ba. Da ya ɗago, teburin babu komai sai takarda.

Shekarar da ta biyo, maniyyata daga Roni da Gwiwa har Kanya Babba layi suka riƙa yi a ƙofar gidansa. Shi kuwa daga ranar, ko jakinsa zai kwana a hanya, ba ya aza daronsa a mota sai ya ɗaga kowane buhu ya ga abin da ke ƙasa.

Darasi: Amana ba a gaban idon mai ita ake riƙe ta ba, a inda ba zai taɓa sani ba ne. In ka yi kuskure a kan abin da aka damƙa maka, musamman abin da zai shiga cikin ɗan'uwanka, faɗi gaskiya ko da za ta rufe maka kasuwa, don Allah yana da hanyar sake buɗe ta. Mu kuma masu ji, mu daina ƙara wa labari gishiri kafin mu san tushensa. Ku tura wa duk mai sana'ar abinci da kuka sani, da duk wanda aka ba ajiya.